Bargon Tsohuwa

Nesum, 20 ga watan Hordad, 1381 a kalandar ƙasarmu

Zuwa ga Farangis 'yar marigayi Esfandiyar, a Tehran.

A sanar da na kusa da na nesa, a kuma rubuta a adana domin masu zuwa, cewa ranar Talata da hantsi mataunina na ƙarshe a ɓangaren hagu ya ajiye aiki, bayan hidimar shekara sittin ba hutu ba fansho. A fagen fama ya faɗi, yana artabu da ɓawon gurasar da matata Sogra ta gasa tun Asabar. Na nemi a yi zaman makoki na kwana uku. Sogra ta ce in matsa mata daga bakin murhu.

Bayan haka, gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ni lafiya lau, in ban da gwiwa. Sogra tana gaishe ki, ta ce a hoton da kika aiko kin rame.

Tun kina rarrafe kike kirana Amu, wato Baffa, ni kuma nake amsawa, ko da yake da na bi salsalar da fensir na tarar kakarki ta wajen uba da mahaifiyata 'ya'yan wa da ƙani ne kawai. Zumunci ne siriri, amma yau ƙauye guda zan rataya masa.

Takarda ta zo daga ma'aikatar da ke kula da ruwa da wuraren kiwo, an karanta ta a masallaci. Ta ce hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna babu sauran ƙanƙara a dutsen da ke bisa Nesum. Inda babu ƙanƙara, in ji ta, babu ruwan bazara da za a dogara da shi. Inda babu ruwa ba za a sabunta izinin kiwo ba. Gida goma sha tara kuwa da ba su da izinin kiwo, za a sauko da su gangare a yanka musu filaye a bakin babbar hanya. Kafin watan Mehr, farkon kaka, za a yanke hukunci.

Babu ƙanƙara! To ruwan da nake alwala da shi, wanda ke ƙage mini yatsu a tsakiyar bazara, daga wace tukunya yake fitowa? Ƙanƙarar da muke kira Tsohuwa tana nan kwance a kwarinta, ƙarƙashin tsakuwa, inda kakanninmu suka same ta. Ke kanki kin taɓa zama a kanta kina cin cuku, kina kukan sanyi ya huda miki siket.

Mash Gorban makiyayi, wanda ya girme ni da shekara shida kuma har yau bai yafe mini karatuna ba, ya tare ni a ƙofar masallaci ya ce, “Aga Mu'allim, kai ne ka koya wa 'ya'yanmu duniya na juyawa, to ga ta ta juyo da mu. Wannan tauraron ɗan wane gida ne? Ya taɓa shan shayi a Nesum?” Na ce masa na'ura ce, tana can sama da gajimare. Ya ce, “To ka ce mata ta sauko ta tsoma hannu a rafi.” Aka yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba.

An ce mini ɗakin da kike aiki shi ke karanta waɗannan hotuna. Ki bayyana mini yadda ido mai tsada haka ya makance a kanmu. Tun da ambaliya ta kwashe turakun waya ba mu da tarho, sai ki ba direban motar Asabar ko ta Talata amsarki. Ina bakin hanya. Na kasa zama, na kasa karatu, jiya har shafi ɗaya na karanta sau huɗu.

Naki,
Zabihollah, tsohon malamin makarantar Nesum


Tehran, 3 ga Tir

Amu-jan,

Na samu wasiƙarka, na gode. Ina yi wa mataunin ta'aziyya. Allah ya ba sauran haƙuri, in akwai saura. Lafiyata ƙalau, ka gaya wa Sogra hanum ban rame ba, mai hoton ne ya tsaya nesa.

Takardar ba daga ɗakinmu ta fito ba, amma da hotunanmu aka rubuta ta, shi ya sa raina ya ɓaci. Ga yadda abin yake. Tauraron yana wucewa ta kanku duk kwana goma sha shida, wajen ƙarfe goma na safe. Hotonsa ɗigo-ɗigo ne, kowane ɗigo fili ne mai mita talatin a tsaye, talatin a kwance. Wanda ya yi lissafin, ɗigon da suka yi fari kawai ya ƙirga. Tsohuwa kuwa tsakuwa ta rufe ta, saboda haka a hoto dutse ce kamar kowane dutse. Da a ce ko ɗigo ɗaya nata a buɗe yake, da ba a rubuta muku wannan takarda ba.

Akwai wata hanya da nake gwadawa, amma ba zan yi maka alkawari ba sai na ga ta yi, domin na san ka: in na ce “wataƙila” da safe, kafin azahar ka shelanta wa gari “tabbas”. Hotunan da nake jira su ne na 30 ga Tir da na 15 ga Mordad mai bin sa, lokacin da dusar ƙanƙarar hunturu ta gama narkewa.

Jibi za mu tafi dutsen Sabalan aikin awo, sai bayan wata guda zan dawo. Ka kwantar da hankalinka, ka kuma kwantar da na Mash Gorban.

'Yarka,
Farangis


Nesum, 14 ga Tir

Farangis-jan,

Gaisuwa da fatan alheri. Gwiwa ta yi sauƙi, ko kuwa dai na manta da ita. Sogra tana fama da mura, tana kuma zargin ni na shigo da ita, kamar yadda take zargina da duk abin da ya shigo gidan nan ba da sallama ba.

Na karanta wasiƙarki sau goma sha ɗaya. A karo na tara jimla ɗaya ta miƙe tsaye ta dube ni: da a ce ko ɗigo ɗaya nata a buɗe yake. Nan take na gane abin da ladabi ya hana ki faɗa wa babba kai tsaye. Kin ba ni faɗin ɗigo, kin ba ni rana, kin ba ni sa'a. Sarakunan yaƙin da na karanta tarihinsu, da ƙasa da wannan suka ci birane.

Na tara mazan gari a ɗakin shayi, na zana murabba'i a kan tebur da ruwan shayi, na ce za mu kwashe tsakuwar mita talatin sau talatin daga jikin Tsohuwa kafin talatin ga wata, ta yi fari, tauraro ya gani, magana ta ƙare.

Kin san al'adar mutanenmu. Duk wanda ya wuce ta kwarin ya ga ƙanƙara ta leƙo, sai ya cika hularsa da tsakuwa ya zuba a wurin, wai kada Tsohuwa ta wuni tsirara. Ranar ɗaya ga Tir kuma gari duka ya hau da kwanduna a yi mata ƙarin bargo. Shekara talatin da huɗu ina koya wa yara cewa wannan camfi ne, ƙanƙara ba ta da kunya. To ga shi camfin ya ɓoye mu daga idon hukuma.

Mash Gorban ya ajiye kofinsa ya ce, “Wato bargon da muka ƙara mata mako biyu da suka wuce, shi za mu yaye?”

Na ce, “Ɗigo ɗaya tak, Mash Gorban.”

Ya ce, “Ubana ya ce a rufe. Ubansa ya ce a rufe.”

Na ce, “Sun faɗi dalili?”

Ya ce, “Ba su saba a tambaye su dalili ba. Kai ne ka zo da tambaya, ka ga kuwa abin da ta yi wa kanka, ko gashi ɗaya bai tsaya ba.”

Na jure wannan hari da haƙurin masana. Na ɗaga wasiƙarki na ce ga maganar 'yarmu da ke zaune da tauraron a ɗaki ɗaya. Ki gafarce ni, Farangis, sunanki ya yi aikin da hujjata ta kasa. Mutum goma sha shida suka ɗaga hannu. Mash Gorban ya ɗauki sandarsa ya ce, “Ni da dabbobina ba mu ciki. In kun gama tona asirin uwarku, kun san inda nake.”

Da na koma gida Sogra ta ce, “Zabi, yarinyar nan cewa ta yi ka kwantar da hankali, ba ta ce ka ɗauki shebur ba.” Na bayyana mata cewa masu ilimi suna magana a tsakanin layuka. Ta ce ita dai layukan kawai aka karanta mata.

Jibi za mu fara.

Zabihollah


Nesum, 31 ga Tir

Farangis-jan,

Ina gaishe ki, ko da yake ban san ko gaisuwar tana samunki ba. Bayana ya riƙe, tafin hannuna ya yi kanta a karon farko tun da aka haife ni. Sogra ta warke.

Aiki ya kammala ranar 28. Kwana goma sha biyu, mutum ashirin da uku, alfadari huɗu. Tsakuwar ta kai gwiwa, a wani wurin har cinya. Mun tara ta a gefe huɗu kamar ganuwa. Sai ƙanƙarar ta bayyana. Ba fara ba ce kamar yadda na yi wa jama'a alkawari. Shuɗiya ce mai duhu, kamar gilashin tsohuwar kwalba, ga baƙar ƙura ta manne mata. Muka share da tsintsiya, ƙurar ta ƙi fita. Na ce ba komai, daga sama ai ba a ganin ƙura.

Jiya ce ranar. Na sa kwat ɗina na bikin yaye ɗalibai, domin ba a tarbar baƙo daga sama da rigar aiki. Tun ƙarfe takwas muna tsaye a bakin murabba'in, sama garau. Ƙarfe tara da kwata sai ga gajimare ya taso daga wajen teku, ya biyo kwarin a hankali kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa, ya zauna a kanmu. Ƙarfe goma ban iya ganin takalmina ba. Wani daga baya ya ce, “Aga Mu'allim, ya wuce ne ko mu ɗaga masa hannu?” Sai sha biyu gajimaren ya tashi, bayan ya tabbatar ya gama aikinsa.

Na yanke shawara a bar ta a buɗe zuwa 15 ga Mordad. Kwana goma sha shida ba komai ba ne ga wadda ta ga shekaru dubbai.

Duk Asabar da Talata ina tare direba. Yanzu tun daga nesa yake girgiza mini kai, don kada in wahala da saukowa. Ki rubuto, ko layi biyu ne.

Zabihollah


Nesum, 8 ga Mordad

Farangis,

Lafiya lau. Ba ni da lokacin lissafa gaɓoɓi.

Rafi ya ƙaru. Da azahar yana cika har ya taɓa gadar katako, abin da bai taɓa yi a Mordad ba, ruwan kuma ya zama launin toka, sai an bar shi ya kwanta kafin a dafa shayi. Na shaida wa jama'a cewa wannan alamar yalwa ce. Na faɗa da ƙarfi, domin ni ma ina bukatar in ji.

Jiya na hau ni kaɗai. Murabba'in ya lotsa. Ganuwar tsakuwa da ke daidai gwiwata yanzu sai na ɗaga kai. A kusurwar gabas ruwa ya taru ya yi tafki, gefen ƙanƙarar kuma yana zuba, ana jin ƙararsa kamar ana tafasa abu. Na tarar da Mash Gorban zaune a kan dutse yana kallo. Na shirya wa zaginsa amsa guda uku. Ko waiwayo bai yi ba. Na fi son zagin.

Saura kwana bakwai. Ki gaya mini daidai nake yi. Ko ki gaya mini wani abu dai.

Z.


Tehran, 11 ga Mordad

Amu,

Ina lafiya, yau na dawo, na tarar da wasiƙunka uku a ƙarƙashin ƙofa. Ban cire takalmi ba nake rubuta wannan, zan kai wa direba da hannuna.

Ku rufe ta. Yau, ba gobe ba. Kada ku jira 15 ga wata.

Tsakuwar nan ita ce ke raba ta da rana. In ta kai gwiwa, zafin rana ba ya isa ƙasa sai kaɗan. Ƙanƙara tsirara tana narkewa ninki da yawa, wadda kuma baƙar ƙura ta manne wa ta fi kowace saurin tafiya, domin baƙi zafi yake sha. Abin da kuka bar mata ke nan. Ruwan da ya cika rafi ba yalwa ba ce, Amu, ruwan shekaru masu zuwa ne kuke gani yana wucewa ta ƙarƙashin gada. Tafkin kuma shi ya fi ba ni tsoro: ruwa yana cin gefe, ramin zai yi ta faɗi da kansa ko ba ku ƙara taɓa shi ba.

Ban ce ka buɗe ba. Na sake duba kwafin wasiƙata, na ga jimlar da ka riƙe, na yi da-na-sanin rubuta ta haka. Hanyar da na ce ina gwadawa ba ta bukatar ganin fari. Tauraron yana da ido na biyu mai jin zafi da sanyi, tsakuwar da ke kan ƙanƙara kuwa ta fi duwatsun gefe sanyi. Abin da nake so shi ne hoto ɗaya ba gajimare, Tsohuwa kuma a rufe yadda take.

Ka je wurin Mash Gorban. Shi ya san yadda ake shimfiɗawa.

Farangis


Nesum, 18 ga Mordad

Farangis-jan,

Gaisuwa daga mutumin da ba ya iya miƙe bayansa, kuma bai cancanci a tausaya masa ba. Sogra lafiya. Ba ta ce “na faɗa maka” ba, ta dai ajiye mini abinci da wani irin shiru mai ɗauke da jimlar duka.

Wasiƙarki ta iso ranar 13 da hantsi. Zan faɗa miki gaskiya, domin tarihi ba ya son a yi masa kwalliya: da na gama karantawa na ninke ta na sa a aljihu, na ce a raina saura kwana biyu kacal. Mutum ashirin da uku sun ba ni kwana goma sha biyu na rayuwarsu. In na rufe yau, na tashi da asarar ƙanƙara, ba hoto. In na jira jibi, aƙalla akwai hoto. Sau uku na zagaya gidan ina wannan lissafi, har Sogra ta ce, “Takardar yarinyar ce ke cizonka a aljihu? Fito da ita ka karanta mini, layukan kawai.” Na karanta. Ta ɗauki kwando ta fita, ba ta jira ni ba.

Na sami Mash Gorban a wurin tumakinsa. Na shirya jawabi mai gabatarwa da sassa uku. Da na buɗe baki abin da ya fito shi ne, “Mash Gorban, yaya ake rufewa?”

Ya karkato da kunne. Ya ce, “Sake faɗa, kunnen nan nawa ya tsufa.”

Na sake.

Ya ce, “A'a, na ji tun farko. Daɗi ya yi mini.”

Sannan ya tashi. Ashe ba zubawa kawai ake yi ba. Manyan duwatsu masu faɗi ake fara jerawa, a bar 'yar hanya ruwa ya tsiyaye, sannan matsakaita, sannan tsakuwa a sama, a kuma fara daga gefen da rana ta fi duka. Shekara saba'in da ɗaya ina garin nan ban taɓa tsayawa na ga yadda ake yi ba, domin ranar ƙarin bargo nakan zauna gida in yi karatu, don nuna matsayina game da camfi.

Na karanta wasiƙarki a masallaci bayan azahar, ban tsallake ko kalma ba. Wani ya ce, “Wato mun ɗauke, yanzu mu mayar?” Na ce haka ne. Ya ce, “Gobe kuma in wata takarda ta zo?” Mash Gorban ya ce, “Gobe in takarda ta zo, a ba Sogra ta riƙe.” Gari duka ya hau, har da mata. Wurin da muka buɗe ya nutse ya kai ƙirjina. Na auna da sanda, na rubuta, tun da wannan kaɗai na iya.

Safiyar 15 mun rufe fiye da kashi uku cikin huɗu, sauran kuma tafkin ne mai ruwan laka. Sai ki ji ikon Allah: tun da nake ban taɓa ganin sama mai tsabtar ta ranar ba. Ko tsinken gajimare babu daga nan har teku. Ƙarfe goma na yi ina tsaye da kwando a kafaɗa, na ɗaga kai. Tauraronki ya wuce ya ga tsakuwa. Da na jira kwana biyun nan da ya ga ƙanƙara, kuma wannan tunani bai bar ni ba har yanzu, ko da yake na san amsarsa.

Jiya muka cike tafkin da duwatsu. Rafi ya fara komawa yadda yake. Yanzu ba mu da komai a hannu sai idon nan na biyu da kika ce. Yana gani kuwa?

Zabihollah


Tehran, 22 ga Shahriwar

Amu-jan,

Ina fatan baya ya saki. Na gode da zumar da kuka cusa mini a jaka ranar da na zo awo. Ta zube a kan takarduna, yanzu rahotona ne ya fi kowane ƙamshi a ma'aikatar.

Ya gani. A hoton 15 ga Mordad, Tsohuwa ta fito a matsayin dogon tabo mai sanyi, kusan mita ɗari tara, a tsakiyar duwatsu masu zafi. Ramuka shida da muka haƙa da Mash Gorban muka mayar, duk sun sami ƙanƙara a inda hoton ya ce. Jiya aka zauna. An janye takardar farko. An sabunta izinin kiwo na shekara biyar, bayan haka a sake awo. Ba za a sauko da kowa ba.

Saura biyu, kuma ba za ka so su ba.

Na ɗaya, ramin naka yana cikin rahoton. Ka roƙe ni a bakin mota in bar shi, ban iya ba. Awon sandarka shi ne hujja mafi ƙarfi da nake da ita: inda aka buɗe, ta nutse zuwa ƙirji cikin mako uku, inda ke rufe, ko taƙi ɗaya ba ta yi ba. Na rubuta al'adar rufewa da yadda ake jera duwatsun, da sunan Mash Gorban. Kai kuma na ce “wani mazaunin ƙauyen”.

Na biyu, na gwada hotunan jirgin sama na shekara arba'in da suka wuce da na yanzu, na haɗa da lissafin zafi da na dusa daga tashar da ke gangare. Tana raguwa, Amu, a rufe ma. Bazara ta ƙara tsawo, dusa ta ragu. In abin ya ci gaba haka, tsakanin shekara ashirin da talatin suka rage mata. Bargo yana jinkirtawa ne kawai. Na yi tunanin ɓoye maka, sai na tuna abin da ya faru da na bar maka rabin magana.

'Yarka,
Farangis


Nesum, 2 ga Mehr

Farangis-jan,

Gaisuwa da godiya. Baya ya saki, gwiwa ta karɓi aiki daga hannunsa. Sogra ta ce ki dawo kafin dusa ta toshe hanya, akwai tafarnuwar tsimi da ta ajiye miki.

“Wani mazaunin ƙauyen.” Shekara hamsin ina jiran ranar da sunana zai shiga takardar ilimi, ga shi na shiga, an kuma yi mini rahamar sakaya ni. Na karɓa.

Na karanta wasiƙarki a masallaci. Da na kai ga shekara biyar aka yi kabbara, wasu suka miƙe za su fita. Na ce su zauna, da saura. Na karanta ashirin zuwa talatin. Wannan karon ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya tambaye ni ko tauraro ɗan wane gida ne. Ni da Mash Gorban ba za mu ga ƙarshen lissafin ba, amma akwai masu shekara talatin a sahun baya, na ga suna duban juna.

Mash Gorban ya ce, “Ashirin ta ce, ko talatin?”

Na ce, “Tsakaninsu.”

Ya ce, “To goman nan ta tsakiya a hannun wa take?”

Na ce ban sani ba, kuma a karon farko a rayuwata ban ƙara komai a kan wannan jimla ba. Ya ce shi zai hau ranar Alhamis, akwai wurare uku a gefen yamma da bargon ya yi sirara, a gyara kafin dusa. Mutum ashirin da ɗaya suka ce za su bi shi. Ni ne na ashirin da biyu, an kuma ba ni matsayin da ya dace da ilimina: riƙe bakin buhu. Har yanzu ba na iya zama wuri ɗaya. Kullum da azahar sai na je gada na duba launin ruwa.

Saura hukunci. Kotu ta zauna jiya a ɗakin karatuna, ni ne alƙali, ni ne mai ƙara, ni ne wanda ake tuhuma, kuma duk mun yarda da juna. An sami Zabihollah, tsohon malami, da laifin karanta abin da ba a rubuta ba da yaye wa dattijuwa bargo a tsakiyar rana. An ci shi tarar ƙwayar sukari ɗaya daga kowane kofin shayi har kwana bakwai, a miƙa wa alfadarin Mash Gorban, wanda shi kaɗai ne a alfadaran garin nan bai ɗauki tsakuwa daga jikin Tsohuwa ba. Wanda aka yanke wa hukunci ya nemi ɗaukaka ƙara, sai aka tarar Sogra ta riga ta kai gwangwanin sukarin gaba ɗaya.

Naki har kullum,
Zabihollah, wani mazaunin ƙauyen